Bindigar Bahaguwa

Ummi, Sadiq, da kai auta da har yanzu ba ka gama iya haɗa magana ba, na ji labarin bindigar da ke gidan nan yana yawo iri biyu, kuma duka biyun ba haka aka yi ba. Ke Ummi kin gaya wa ƙawayenki wai babanku ne ya saya min ita kyauta don yana sona. Antinku Ladidi kuwa, yayar babanku, ta daɗe tana cewa ƙwace ta na yi daga hannun ƙaninta. Ban yi nisa a makaranta ba, kun sani, rubutun nan ma a hankali nake yinsa idan gida ya yi shiru, amma gara ku ji daga wurina tun ban manta ƙananan abubuwan ba. Babanku don kansa ya sayi bindigar nan. Ni kuma a lokacin akwai abin da nake ɓoye masa tun ranar da aka kai ni ɗakinsa, kullum gabana yana faɗuwa kada ya gane: ni bahaguwa ce.

Ku da aka haifa a nan ba za ku ga abin ɓoyewa ba. A ajinku yaro yana rubutu da hagu, malama ko ɗaga kai ba ta yi. A ƙauyenmu, can gefen Malumfashi, Goggo da ta riƙe ni ɗankwali take sa wa ta ɗaure min hannun hagu a ƙugu tun safe. Ci da dama da miƙa wa mutum abu da dama, wannan addini ne, har gobe da dama nake ci, ku ma haka za ku yi. Amma Goggo ba a nan ta tsaya ba. Shara, daka, tuƙin tuwo, riƙon alli, duk sai da dama. Rubutuna ya zama kamar tafiyar kaza, malami ya ce ba ni da kai, aka cire ni daga makaranta. Da za a kai ni gidan miji ta jawo ni kusa ta ce:

"Luba, ko da wasa kada mijinki ya ga kin ɗauki muciya da wancan hannun. Akwai mazan da ba sa cin girkin bahaguwa. Ki kiyaye aurenki."

Na kiyaye. Da babanku ya sami takardu ya ɗauko ni zuwa nan Amurka, garin Greensboro, tsoron ya hawo jirgi tare da ni. A gaban mutane da dama nake komai, shi ya sa aka san ni da sanyin jiki da fasa kofi. Idan na rufe ƙofar kicin ni kaɗai, sai hagu ta fito ta yi aikin cikin ɗan lokaci, in mai da ita in buɗe ƙofa.

Shekarar da muka bar gidan bene na cikin gari muka koma McLeansville, can bayan gari, ita ce shekarar da nake son ku sani. Ummi kina tafiya kina surutu, Sadiq yana goye. Babanku yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, ya fita da safe sai yamma. Nan babu bas, babu maƙwabcin da za ka leƙa ta katanga, gida nan gida can, sai filaye da itatuwa. Ni kuma kun san halina. In duba ƙofa in dawo in sake dubawa, in taɓa murhu ko na kashe, in kai kunne hancin Sadiq in ji ko yana numfashi. Abin da ya riƙe ni shi ne 'yar gonar da na yi a bayan gida, kuɓewa da rama da yakuwa. Da yamma sai bareyi su fito daga cikin itatuwa su tsaya suna cin kuɓewata kamar su suka shuka. Babanku ya tsaya a taga yana kallonsu yana girgiza kai. Kakansa maharbi ne, tun yana yaro yake jin labarinsa, kuma ganin nama yana yawo a bayan gida babu mai ce masa komai ya hana shi sukuni.

Gonar da ke iyaka da mu ta wani dattijo Bature ce, Mista Rei, wanda matarsa ta rasu kafin mu zo. Shi ya nuna wa babanku bindigar, babanku kuma yana ganinta hankalinsa ya tafi. Ba irin ta kanti ba ce da ake bugawa da yawa. Wani maƙeri ne can cikin duwatsu ya haɗa ta don mutum ɗaya, ya auna hannu da wuya kamar yadda tela ke auna riga. Katakonta launin zuma mai duhu, da layi-layi a ciki kamar ruwa yana tafiya. A samanta akwai madubin hange, a gefenta kuma wani ƙarfe mai ɗan hannu da ake ɗagawa a ja baya a tura gaba don harsashi ya shiga. Ni sakata nake ce masa, don kamar sakatar ƙofa yake. Ranar da babanku ya shigo da ita naɗe a bargo yana dariya ya ce:

"Kin san abin da tsohon nan ya ce min? Wai ta matarsa ce, wai bahaguwa ce, ba za ta dace da ni ba. Har rantsuwa yake in nemi wata. Na ce masa, Mista Rei, mu a wurinmu hannu koya masa ake yi. Yaro ma ana gyara shi, bare ƙarfe da katako."

Na taya shi dariya, hannuna na hagu yana ɓoye ƙarƙashin mayafi.

Ban so bindiga a gidan da ke da yara ba, kuma ban ɓoye ba. Na ce sai an sayi akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi kuma a ajiye shi wani wuri daban. Da na ga sakatar tana zarewa gaba ɗaya, kuma idan babu ita bindigar sanda ce kawai, na ce ita a wurina za ta zauna.

"Ke da kofi ba ya kwana lafiya a hannunki zan ba ajiya?" in ji shi.

"Ƙarfe ba ya fashewa, Baban Ummi."

Ya ba ni. Na naɗe ta a tsumma na sa a gwangwani na ɗora can saman kabad ɗin kicin. Da farko don in tabbatar tana nan nake sauko da ita. Daga baya na lura ina daɗewa da ita a hannu. Ɗan kan da ake kamawa ya goge ya yi sumul a gefe ɗaya, daidai inda babban yatsana na hagu ke sauka. Tunda nake ban taɓa riƙe wani abu da aka yi don wannan hannun ba. Almakashi yana cizona, mabuɗin gwangwani yana gardama da ni, wannan kuwa ya kwanta kamar ya san ni. Sai in tsaya ina tunanin matar nan da ban taɓa gani ba, wadda mijinta ya je har wurin maƙeri ya ce a yi mata abu yadda Allah ya yi ta.

Babanku kuwa bindigar ta ƙi koyo. Harbinsa na farko a bayan rumbun Mista Rei, da yake katakon gajere ne don ƙaramar mace aka yanka shi, fuskarsa ta matsa kusa da madubin, bindigar ta yi baya ta tsaga masa gira. Tabon da kuke taɓawa kuna tambaya ke nan. Idan zai ja sakata sai ya tsallako da hannu ta saman bindigar, kwanson harsashi ya fito ya wuce ta gaban hancinsa. Tudun da aka sassaƙa don kunci ya kwanta yana can ɗaya gefen, inda fuskarsa ba ta zuwa. Da lokacin farauta ya buɗe, cikin sanyin ƙarshen shekara, ya yi ta fita da asuba yana dawowa da hanci ja, hannu wayam. Ran Lahadi idan mun taru gidan Anti Ladidi, inda Hausawan garin nan ke haɗuwa a ci abinci, Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai gyaran mota, tun daga ƙofa yake tarbarsa:

"Sarkin Baka ya iso! A buɗe firiza, a kira mahauta!"

"Alhaji, ka bari mana."

"Bon, shi ke nan, na bari. Amma wannan tabon na gira, barewar ce ta rama, ko bindigar ce ba ku gama gaisawa ba?"

Maza su fashe da dariya, babanku ya yi yaƙe. Ni ina can cikin mata ina jin zafin abin, don na san dalili, na kuma san wanda bindigar take jira.

Da lokacin farautar ya rufe, wata Asabar da safe babanku ya fito da ita daga akwati ya ɗora a teburin kicin ya ce in sauko masa da sakata, zai mayar wa tsohon da abinsa. Na hau kujera na sauko da gwangwanin. Ban shirya komai ba, ku yarda da ni. Na dai ji idan ta fita daga gidan nan wani abu nawa ya fita ke nan, kuma zan tsufa ina rufe ƙofar kicin. Muryar Goggo tana kunnena. Maimakon in miƙa masa, sai na juya bakin bindigar wajen bango yadda na ga Mista Rei yana yi, na zura sakatar da hagu, na tura, na kwantar. Ta shige ba gardama. Na ɗaga ta na sa a kafaɗar hagu na fuskanci taga, kuncina ya sauka kan tudun nan, ta cikin madubi na hango ganyen itace can nesa kamar a tafin hannuna. Na sauke na ajiye. Babanku bai kalli bindigar ba, hannuna yake kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwa."

"Kofunan nan da kika yi ta fasawa?"

"Dama ce ta fasa su."

"Tuwon da nake ci fa?"

"Mai laushin hagu ce ke tuƙa shi. Mai gudajin shi ne na ranar da ka zauna min a kicin."

Na ɗauka zai yi dariya, bai yi ba. Ya zare sakatar ya ajiye a gabana, ya mai da bindigar akwati ya kulle, ya ɗauki makullin mota ya fita. Bai kai ta gidan Mista Rei ba, amma kuma bai sake maganar ba. Ya ci gaba da cin abincina, sai dai a shiru, magana tsakaninmu ta koma ina kwana da sai na dawo. Ya gaya wa yayarsa. Anti Ladidi ta tuƙo mota har McLeansville, ko mayafi ba ta cire ba ta fara:

"Ai da an faɗa mana tun farko, Luba. Ɓoyon ne abin haushi. Shekara da shekaru muna cin abincinki ba mu san da wane hannu ba."

"Anti, ina wanke su duka biyun."

"Kada ki yi min rashin kunya. Kuma na ji wai bindiga kike so. Mace, da goyo, da bindiga? Me za a ce da mu a masallaci?"

Daga wannan Lahadin aka ɗauke ni daga kan babbar tukunya aka mai da ni wanke-wanke. Babu wadda ta faɗi dalili, kowa ta sani. Wasu matan suka riƙa bin hannuna da ido idan na ɗauki cokali. Na yi kuka a banɗakin gidan nan ba sau ɗaya ba, ina cewa da ma na miƙa masa ƙarfensa na yi shiru.

Sai da bazara ta shigo babanku ya ce, yana kallon wayarsa ba ni ba, tunda bindigar ta ƙi shi in je in gwada, amma maganar ta tsaya a gida, kada a ji ta a wurin taro. Na karɓi rabin da aka ba ni. Ranar da na fara ɗaga ta a gaban Mista Rei, tsohon ya juya yana gyara hularsa, can ya ce haka matarsa ke karkatar da kai. Ya koya min da Turancinsa mai jan baki, ni da nawa guntu-guntu: kada bakin bindiga ya kalli abin da ba ka nufa, kada yatsa ya taɓa kunama sai ka shirya, ka san abin da ke bayan abin da za ka harba. Ashe tsoron da ya hana ni barci shekara da shekaru a nan yana da amfani. Mai duba ƙofa ta sake dubawa ba ta manta harsashi a cikin bindiga. Harbin farko ya girgiza ni har haƙora, na buɗe ido na ga huda a takardar da aka kafa min in harba, kusa da tsakiya. Na biyu ya shiga gefen na farko. Babanku yana tsaye baya da Sadiq a kafaɗa, kunnuwansu a toshe, daga baya na ga ya je ya ciro takardar ya ninke ya sa aljihu.

Lasin farauta sai an yi aji an ci jarrabawa. Wannan ya fi harbin wuya. Na zauna cikin ƙattin maza masu gemu da takalman gona, ni kaɗai da hijabi, malami yana zuba Turanci kamar ruwan sama. Karon farko ban ci ba. Na dawo na riƙa bin littafin da yatsa, ina sa waya ta karanta min, kuma a nan na fara riƙe biro da hagu, na ga ashe haruffa suna iya tsayawa a layi. Na koma na ci. Na kuma tambayi matar liman hukunci, ta tambayo min: a yi bisimilla lokacin saki, idan an tarar da dabba da rai a yanka.

Da sanyi ya dawo, wata safiya muka kai ku gidan Anti Ladidi. Babanku ya ce mata zai fita farauta, ni kuma zan raka shi in riƙe masa filas ɗin shayi. Na ji, na haɗiye. Muka zauna a 'yar bukkar ɓuya a bakin gonar Mista Rei, na ɗora riga da hula ruwan lemo a kan hijabina yadda doka ta ce. Raɓa ta daskare a kan ciyawa ta yi fari. Rana ta fara ɗagowa sai ga namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, da ƙahoninsa masu rassa, hucinsa yana tashi kamar hayaƙi. Na duba bayansa, tudun ƙasa ne, babu gida babu hanya. Na jira ya juya gefe. Na ce bismillahi, Allahu akbar, na saki. Ya yi tsalle ɗaya, ya ɗan ruga, ya faɗi. Kafin in sani hannuna ya riga ya ja sakata ya tura wani harsashin, ba a kuma buƙace shi ba. Da muka isa rai ya fita. Na cire harsashin, na durƙusa na dafa wuyansa mai ɗumi, na gode wa Allah, hawaye suna zuba ban san na mene ne ba.

Mista Rei ya zo da tarakta aka kai shi rumbu aka rataye. Muna tsaye ke nan wayar babanku ta yi ƙara, Anti Ladidi ce. Hannunsa da jini, sai ya danna ya buɗe muryar kowa yana ji, har da surutunku a bayanta.

"Yaran nan sun hana ni sakat. Yaushe za ku zo? An samu kuwa, ko yau ma shayi kuka sha?"

"An samu, Yaya. Ƙato."

"Alhamdulillahi! Yau bakin Alhaji Mamman ya mutu. Bari in kira shi in ce ƙanina ya harbo."

Na sunkuyar da kai. Na riga na shirya wa haka, na ce a raina ba komai, naman dai ɗaya ne. Babanku ya kalle ni, ya kalli barewar, ya share hannu a wando ya matso da wayar kusa da bakinsa.

"Ki kira shi, amma ki faɗa masa daidai. Luba ce ta harbo. Da hagu, harbi ɗaya. Ni ne na riƙe filas."

Anti Ladidi ta tambaya:

"Ta yi bisimilla?"

"Da kunnena na ji."

"To." Ta ja numfashi. "A ware min cinya. Kuma ka ce mata Lahadi ta zo da wuri, ban san yadda ake dafa naman dawa ba."

Ya kashe wayar. Ya zaro wuƙar fiɗa daga kube ya juya min ƙotarta, na miƙa dama yadda na saba a gabansa, sai ya janye.

"Ba wannan ba. Wanda ya iya."

Ya kama ƙafafun barewar ya riƙe min, ni kuma na fara fiɗa.